Kawu da Teburin Riƙo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma, har da masu taurin kai irin Kawuna, wanda na daɗe ina zaton ko zazzaɓi sai ya tsaya a zaure ya yi sallama an ba shi izini kafin ya shiga jikinsa. To, lokaci ya yi, bai tsaya gardama ba. Wannan ne karo na farko da na san an kira Kawu ya tashi ya tafi bai nemi a yi masa bayani dalla-dalla ba.

Ranar jana'iza Batsari ta cika. Wanda ya hango daga nesa sai ya ce kasuwa aka kwaso aka juye a ƙofar gidanmu. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Karare da Yasore, inda ya yi koyarwa shekaru da dama, wasunsu ma sun fi shi furfura. Wani direban a-kori-kura ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Malam ya taɓa zane ni don na zo aji ban wanke ƙafa ba," in ji shi. "Wallahi har yau ba na taka totur da ƙafa mai datti."

Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Can sai ga abokan aikina daga sakatariyar ƙaramar hukuma ta Safana. Suka durƙusa gaban dattawa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi haƙuri, aka sake tambaya. Sai babban cikinsu ya ce, "Allah Ya jiƙan ɗalibinmu." Wani tsoho da ke kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai, waɗannan ba ɓatan kai suka yi ba kuwa?"

"Nan suka nufa, Baba."

"To wane ɗalibi kuma? Mutumin da ya koya wa rabin garin nan karatu?"

Na ce masa labarin yana da tsawo. A gefe guda kuwa taubashina na zaune, ɗan ƙanen Kawu, sakataren ƙungiyar zumuncin danginmu. Tun muna yara ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai yana tauna. Ran nan ko tsokanata bai yi ba. Da na shiga cikin gida, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar mamacin, ta jawo ni gefe ta ce, "Yaya ya tafi bai ga abin da ya sha wa wahala ba." Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutun nan, don wanda bai sani ba ya san wace wahala ce.

A gidan Kawu na tashi. Matarsa, wadda muke kira Inna, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ita kaɗai ce matarsa har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma wanda ya ce gidan babu yara bai taɓa wucewa ta layin ba. Idan aka yaye yaro a dangi, ko uwa ta rasu, ko aure ya mutu, ko dai yaro ya gagari iyayensa, magana ɗaya ce: a kai shi gidan Malam. Ni da yaye na shigo, da gagara na zauna. Wannan tumbin nawa da sai na yi masa sallama kafin in hau babur, Inna ce ta aza harsashinsa da tuwon dawa da miyar kuka. Ita ta cire mana ƙaya, ita ta yi jinyar ƙyandarmu, ita ta bi mu makaranta da kwanon abinci idan muka fita ba mu ci ba.

Kawu kuwa hedimasta ne a makaranta, hedimasta a gida. Jan biro ba ya barin aljihunsa ko bayan da ya yi ritaya. Katin biki idan aka kawo masa sai ya duba shi kamar takardar jarrabawa. Shayinsa babu sukari, rediyonsa ba a taɓawa. Idan ka yi masa bayani bai gamsu ba, ba ya ɗaga murya, sai ya gyara tabarau ya ce, "Sake faɗa a hankali." Na san manyan mutane da suka gwammace a mare su da a ce musu haka.

Abin ya faro ne a taron zumuncin da muke yi bayan Babbar Sallah. Taubashina ya yi aikin da ya yi ta fariya da shi: ya tattara sunayen dangi tun daga kakanmu, ya sa aka zana masa su kamar itace mai rassa, aka buga a Katsina a kan wani ƙaton ƙyalle da zai isa ya rufe rumbu biyu. Aka rataye a tsakar gida. Kowa na neman sunansa, ana shewa. Ƙarƙashin kowace mace ga 'ya'yanta na reto, ga jikoki.

Inna ta baro tukunya tana goge hannu da zane. Ba ta karanta boko, sai ta ce wa wata jika ta nuna mata inda take. Yarinyar ta ɗora yatsa. Suna ne guda, kusa da na Kawu, ƙarƙashinsa fari fat. Mu da muka tashi a ɗakinta duk muna can rataye a wasu rassan.

Ta daɗe tana kallon farin wurin nan. Sannan ta ce, "Madalla. Ya yi kyau." Ta koma wajen tukunyarta.

Yawancin mutane ba su lura ba. Kawu ya lura. Ya ci gaba da gaisawa da baƙi, amma tuwon ranar ko loma bai kai baki ba.

Bayan 'yan kwanaki ina ofis a Safana, aka ce ina da baƙo. Aikina shi ne kula da bayanan ma'aikata a kwamfuta. An taɓa tura ni kwas Katsina a kan tsara rumbun bayanai, tun daga nan danginmu suka yanke hukuncin cewa na iya gyaran waya, da rediyo, da injin markaɗe, in aka matsa ma zan iya kiran ruwan sama. Na fito na tarar da Kawu a kan benci, ya sha ƙurar hanya a bayan a-kori-kura. Ya ƙi shiga, ya ce lokacin gwamnati ne. Nan ya zauna har aka tashi, muka wuce gidana.

Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Wannan abin da ɗan'uwanka ya rataya, yaya aka yi shi?"

Na buɗe tsohuwar kwamfutata na nuna masa. Tebur ne guda, wato jadawali, kowane mutum da layinsa: suna, uba, uwa, gari. Daga nan ake zana itacen.

"To ina wurin wadda ta riƙe yaro?"

"Babu, Kawu."

"A yi shi."

Na ce ai da sauƙi. Mu da Inna ta riƙe, sai a sa sunanta a gurbin uwa, shi ke nan. Ya yi mini kallon da rabona da shi tun ina aji uku.

"Ka ce in share ƙanwata da ta yi naƙudarka? Addini ma bai yarda a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba. Ba zan share wa matata hawaye da ƙarya ba."

Na ce to a buɗe wuri a gefe, na ƙarin bayani, a rubuta cewa wance ce ta riƙe shi.

"A gefe," ya maimaita. "Kamar abin da aka manta sannan aka tuna. Matar da ta wanke maka kashi, a gefe."

Na fara gumi. Na ce a ƙara gurbi sosai, a kira shi mai riƙo, daidai da na uwa da uba. Ya tsaya nazari, har na fara murna.

"Ƙanwarka da kakarku ta fara riƙewa, da ta rasu aka kawo ta gidana. Wa za ka sa?"

"Sai a ƙara gurbi na biyu."

"In mutum uku suka riƙe yaro fa?"

"Na uku."

"Haka za ka yi ta fasa sabuwar ƙofa a bango duk ranar da baƙo ya zo?"

A nan ne karatun Katsina ya taso mini daga inda yake barci. Na ɗauki takarda na zana tebur biyu. Na farko na mutane, kowa da lambarsa wadda babu mai irinta. Na biyu na riƙo kawai: kowane layi yana ɗauke da lambar yaro, da lambar wadda ta riƙe shi, da lokacin da ya zo hannunta. Yaro ɗaya yana iya fitowa a layi da yawa, mai riƙo ɗaya ma haka. Uwa tana nan a matsayinta, ba a taɓa ta ba. Ranar da kake son sanin wa wance ta riƙe, sai ka tambayi teburan biyu tare, lamba ta haɗa su.

Kawu ya gyara tabarau. "Sake faɗa a hankali."

Na sake.

"Wannan ita ce," in ji shi. "Koya mini."

"Haba Kawu, bar ni in yi maka. Kafin ka gama shayi na haɗa."

"Ban ce ka yi mini ba. Ɗan'uwanka ma yi mana ya yi."

Haka aka yi na sami ɗalibi mafi tsufa a ƙasar Katsina, in ban ce a duniya ba. Duk mako sai ya zo Safana, ya jira a bencin nan har abokan aikina suka saba da shi, suna kawo masa ruwa suna tambayar yaya karatu. Linzamin kwamfuta kuwa ya sha wuya a hannunsa. Damƙarsa yake kamar mai kama zakara zai kai kasuwa. Inda ake danna sau biyu da sauri, tsakanin dannawar farko da ta biyu za ka iya zuwa Batsari ka gaida mutane ka dawo. Ga idanu sun fara yana. Na yi ta ƙara masa girman rubutu har suna ɗaya ya cika fuskar kwamfutar.

Amma a wajen tsari, nan ne ya fi ƙarfina. Alli ya sayo, ya mayar da daɓen zaurena allo. Ya zana teburin mutane, ya ja layi zuwa na riƙo, ya goge, ya sake. Matata ta daina shara a wurin, ta ce tana tsoron ta share wani daga dangin mijinta a ce da gangan ta yi.

Da farko ya ƙi maganar lamba. "Mutane ne ko buhunan taki?" Na ce to ya nemo mini mai sunan kakanmu. Ya fara lissafi, ya ga masu sunan sun isa su cika sahun farko na masallaci har a bar wasu a waje. Ya ce, "Ba su lambar." Shi da kansa ya gano cewa garuruwa su ma teburinsu daban ya kamata, don 'yan'uwa da yawa sun baro ƙauyuka saboda rashin tsaro, yau suna nan gobe suna can, kuma ya gaji da sake rubuta sunan gari a layi bayan layi. Ya yi wa aure nasa teburin. Da aka ba shi shawara ya cire matan da suka fita daga gidajen dangi, cewa ya yi aure ne ya ƙare, sai a rubuta ya ƙare, matar kuwa mutum ce, tana nan.

Ya sha kashi sau ɗaya, kashi mai kyau. Ya ga sunan wata gwaggonmu sau biyu, ya zaci maimaici ne, ya goge ɗaya. Kwamfuta ta fito da gargaɗi da ƙananan baƙaƙe, idonsa bai gani ba, ya amsa mata da to. Gwaggo ta tafi, ta ja 'ya'yanta da jikokinta da duk wanda ke rataye da lambarta. Aikin wata guda ya bi iska, kuma ba mu da kwafi. Na shigo na same shi ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Lafiya, Kawu?"

"Na hallaka gwaggonka da zuriyarta da yatsa ɗaya."

Na yi dariya har na faɗo daga kujera, ƙasa ta girgiza, kaji suka watse. Shi bai yi ba. Ya jira na gama, sannan ya sa na nuna masa yadda ake hana goge duk mutumin da wani ke jingine da shi, da yadda ake ajiye kwafi. Ya sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, bai yarda na taimaka ba. Filashin da yake ajiye kwafin kuwa, dukawa ya kai wa suka ɗinka masa gidan fata, ya rataya a wuya. Mutanen Batsari suka yi ta raɗa cewa Malam da tsufansa ya fara ɗaura laya.

Abin da ya yi wa taubashina ba zan manta ba. Maganar farin wurin nan ta riga ta zaga dangi, mata sun sa shi a baki, har ya daina shiga gidan. Kawu ya taka da ƙafarsa ya same shi.

"Ƙyallenka bai yi ƙarya ba," ya ce masa. "Bai dai faɗi duka ba. Ba ni sunayen da ka tara, a kansu zan yi gini."

Ya ba shi kalmar sirrin shiga, ya koya masa yadda ake cika fom ɗin da ya ƙera don kowa ya iya ƙara suna ba tare da ya taɓa teburan ba. Duk inda aka yaba aikin sai ya ce sakatare ne ya fara. Ni da na yi koyarwar, ko sau ɗaya ban ji sunana ba. Da na yi ƙorafi, taubashina ya ce, "Kai ai ba a yabonka, bawa. Ciyar da kai ake yi." Na ce masa ya jira, zan shigar da shi a teburin dabbobin gida.

Inna duk ba ta san dalili ba. Abin dariya ta ɗauke shi. "Malam ya koma makaranta," take ce mana. "Ku saya mashi jaka da takalmi."

Ranar da tambayar da ake yi wa teburan ta fara aiki muna zaurena bayan la'asar. Shi ya rubuta ta da kansa, da yatsa ɗaya: a nemo duk layin riƙo mai lambar Inna, a ɗauko sunan kowane yaro daga teburin mutane, a jera su bisa lokacin zuwansu. Ya danna. Sunaye suka zubo, suka cika fuskar kwamfutar, suka wuce ƙasa. Ya bi su da yatsa har ƙarshe. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga, alhali babu abin da ya same su.

Na ce, "Kawu, tashi in kai ka a babur yanzu ka nuna mata."

"A'a. Sai taron Sallah."

"Sallah da saura watanni."

"A gaban jama'a aka bar ta babu kowa. A gaban jama'a za a ba ta ɗiyanta."

Nan muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Na san yana fama da hawan jini, na san ƙafafunsa sun fara kumbura. Na ce masa shi ba yaro ba ne, kuma babu wanda ya rubuta masa takardar kaiwa Sallah. Na ce wannan ba don Inna ba ne kuma, son burgewa ne irin na hedimasta da ke jiran ranar rabon kyaututtuka. Ya ce ba ni da kunya. Na ce zan je in faɗa mata da bakina.

"In ka faɗa," in ji shi, "zan buɗe layinka in rubuta cewa kuskure aka yi aka riƙe ka."

Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya ƙi hawa babur ɗina. Muka yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya. Shi ma na tabbata da tasa gaskiyar ya tafi, don Kawu bai taɓa ajiye ra'ayi a hanya ba. Mun dai shirya, a kan shayi marar sukari da na shanye don neman sulhu, wanda ɗacinsa bai bar harshena ba har gobe.

Bai kai Sallar ba. Ciwon ya kwantar da shi bayan azumi, kwana kaɗan Allah Ya karɓi abinSa.

Ranar addu'a, bayan liman ya shafa, taubashina ya same ni a bayan rumfa. Idanunsa sun yi ja.

"Jama'ar da Baffa yake jira ga ta nan," ya ce. "Shi ya tara ta da kansa. Ɗauko kwamfutar."

Muka nemi izinin dattawa, muka shiga cikin gida. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, mata sun kewaye ta. Maza na dangi suka tsaya daga bakin zaure. Taubashina ya durƙusa ya ce mata akwai saƙon da Malam ya bari, kuma shi ya kamata ya karanta, don shi ya rataya ƙyallen nan. Ya faɗa mata abin da ke kai Malam Safana. Carbinta ya tsaya a hannunta.

Na buɗe tambayar Kawu na danna. Taubashina ya ce, "Waɗannan su ne waɗanda Inna ta riƙe." Ya fara kira.

Ba mu shirya cewa za a amsa ba. Na farko, wani yayanmu manomi daga Karare, da ya ji sunansa sai ya ce, "Na'am," ya ratso mutane ya zo ya zauna a gabanta. Ta biyu malamar asibiti ce, ta taso daga cikin mata. Daga nan kowa ya gane. Mai shago, malamin makaranta, matar liman, wani da ya zo daga Kano a daren jiya, ni da tumbina da na ci wurin mutum uku. Wanda ya rasu, a ce Allah Ya jiƙansa. Wanda ke nesa, ɗansa ko ƙanensa ya amsa. Kafin a kai ƙarshe tabarmar ta cika, an ƙaro wata, ita ma ta cika.

Inna ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ni ina ta yi mashi dariya," ta ce.

Taubashina ya tambaye ta ko an yi daidai.

"Akwai guda da ba a kira ba," ta ce.

Muka dubi juna. Mahaifiyata ce ta fara ganewa, ta dafe ƙirji. Ta yi mana bayani a hankali: jariri ne, ɗan wata 'yar'uwarsu da ta rasu wajen haihuwarsa. Inna na amarya aka miƙa mata shi, Kawu yana can kwalejin horon malamai. Ta goya shi damina guda, bai kai ga tafiya ba ya koma. Ni ban taɓa jin labarinsa ba. Ko mantawa Kawu ya yi, ko sani ya yi ya bar shi don kada ya tayar mata da ciwo, wannan ya tafi da amsarsa.

Na buɗe fom zan ƙara layin riƙo, kwamfuta ta ƙi. Haka Kawu ya ɗaure ta: ba a riƙon wanda ba ya cikin teburin mutane. Sai an fara shigar da yaron, da uwarsa da ubansa, ya sami lambarsa.

"Inna, yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Tambayi uwarka."

"Ai ke kika riƙe shi, ke za ki fi tunawa."

Sai na ji duka a gadon bayana, irin wanda ke tayar da ƙura. Wata tsohuwa ce daga cikin kakanninmu.

"Kai dai girman jiki ne kawai," ta ce. "A ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?"

Mahaifiyata ta matso ta raɗa mini sunan a kunne. Na rubuta, na ba shi lamba, na haɗa shi da ta Inna. Na sake danna tambayar. Da yake bisa lokacin zuwa aka jera mu, sai ga shi a can sama, gaban kowa.

Taubashina ya gyara murya ya sake ɗaukowa daga farko. Ya kira sunan. Babu wanda ya amsa. Inna ta kau da kai gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar ba da ita ake ba.

"Ci gaba," ta ce.

Ya Allah, ga Kawu nan ya iso gare Ka. Ka karɓe shi da rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka bar mana Inna ta daɗe a cikinmu.